Godiya Daga Bakin Maigida Take Farawa

Ba kalmar da ta fi godiya yawa a bakinmu. In mutum ya fita da safe, kafin ya kai bakin hanya ya riga ya faɗe ta sau da dama. A tambaye shi aiki, ya ce da godiya. A tambaye shi iyali, ya ce lafiya lau, mun gode Allah. A tambaye shi ruwa da damina, ya ce ya yi gyara. Ko mara lafiya da ke kwance a asibiti, in aka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce. Wannan al'ada ce mai kyau, kakanninmu suka bar mana ita, bai kamata mu yar da ita ba.

Amma akwai tambayar da ya kamata kowane maigida mai bi ya yi wa kansa. Godiyan nan da muke rabawa a hanya, tana shiga gida tare da mu, ko a ƙofa take tsayawa? Gama akwai gidajen da maigida yake da fara'a a kasuwa da majami'a, amma da ya sa ƙafa a tsakar gida sai kowa ya kama kansa. Abin da za a ji daga bakinsa shi ne tsadar kaya, da ƙarancin albashi, da gishirin da ya yi wa miya yawa, da yaron da ya bar fitila a kunne. Mai yiwuwa duk gaskiya ne. Amma in su kaɗai yara suke ji, su kaɗai za su koya.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Yaron da ya tashi bai iya godiya ba zai girma yana ganin kome haƙƙinsa ne. Ba zai ga wahalar uwarsa ba, ba zai ga ta matarsa ba, a ƙarshe kuwa ba zai ga dalilin durƙusawa gaban Allah ba. Manzo Bulus, a sura ta fari ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sa'ad da yake bayyana yadda mutane suka bauɗe daga Allah, ya sa rashin godiya a farkon hanyar. Ba a haihuwar yaro da godiya, koya masa ake yi. Uwa tana da babban rabo cikin wannan koyarwa, amma a wannan wata da iyaye maza muke so mu yi magana, gama barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da muke gani a aji

Mu da muke koyarwa a makarantun ikilisiya muna leƙa gidaje da yawa ba tare da mun taka ƙafa can ba, domin yaro ba ya iya ɓoye maganar gidansu. A ba yara biyu fensir. Ɗaya zai rusuna ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Malam." Ɗayan zai juya shi ya ga ko sabo ne, ya dubi na abokinsa ko ya fi nasa tsawo. Ba arziki ne ya raba su ba. Sau da yawa na farin nan shi ne ya fito daga gidan da ba shi da kome.

In muka ce su rubuta abu biyar da suke gode wa Allah dominsu, yawancinsu sukan rubuta rai da lafiya, sa'an nan biro ya tsaya. Ba butulci ba ne. Irin godiyar da suka saba ji ke nan, a dunƙule, kullum kalma biyu. Amma akan sami 'yan kaɗan da za su cika shafi: akuyarmu ta haifi biyu, ruwa ya dawo a famfo, Baba ya dawo daga tafiya lafiya, ƙanena ya daina tari. In aka bincika, za a tarar a gidansu akwai wanda yake kiran sunan abubuwan nan ɗaya ɗaya cikin addu'a.

Lalle rai da lafiya manyan kyautai ne. Amma godiyar da ba ta kiran sunan abu takan zama magana ta sabo, baki yana faɗa, hankali yana wani wuri. Aikin uba shi ne ya kwance ƙunshin nan a gaban yaransa, su ga abin da ke ciki.

Hannu nawa ne cikin kwanon tuwo?

Bari mu ɗauki abin da ya fi kome zama na kullum a gidajenmu, watau tuwon dare. Addu'ar da aka saba yi kafin a ci takan ƙare cikin numfashi biyu, hannun yara kuwa ya riga ya kusa kwano. Amma in maigida ya tsaya wata rana ya ce, "Yara, hannu nawa ne suka taɓa tuwon nan kafin ya zo gabanmu?" zai sami darasin da zai ishe su mako guda.

A fara daga gona. Wani ya yi shara tun bazara, rana tana dukansa. Ya kai taki, ko ya ci bashi ya sayi na zamani. Ya jira ruwan shuka, wanda a yawancin ƙasarmu ta Arewa yakan sauka cikin Mayu ko Yuni. Ya yi shuka, wani lokaci ruwa ya ɗauke, iri ya mutu, ya sāke. Ya yi noman fari, ya yi maimai, ya yi huɗa. In gero ne, cikin wajen wata 3 ya nuna. In dawa ce, sai ta sha raɓa, a yanke ta cikin Nuwamba ko Disamba sa'ad da hunturu ya kawo kai. Sa'an nan a ɗaure dami, a yi sussuka, a sheƙe, a zuba a buhu. Ɗan dako ya ɗora a mota, direba ya kwana a hanya, buhun ya bi ta babbar kasuwa irin ta Dawanau a Kano ko ta Saminaka, kafin ya iso wurin mai awo da muke sayen mudu a hannunsa.

Ga miya kuma. Ganyen kuka, wani ne ya hau itace ya tsinko, aka shanya, aka daka. Daddawa aikin kwanaki ce: a dafa kalwa wuni guda, a surfe, a wanke, a sāke dafawa, a rufe ta kwana 2 ko 3 har ta yi, sa'an nan a daka, a mulmula, a shanya. Manja daga Kudu ya fito. Albasa mai yiwuwa daga Aliero ta zo, ko daga Galmi a Nijar. In an sami man shanu, Bafilatana ce ta kaɗa nono ta cire shi, ta ɗauki ƙwarya a ka ta yi tafiya mai nisa.

In yara suka fara ƙirga, za su wuce mutum 20 ba su gama ba. Za su kuma lura da wani abu. Yawancin mutanen nan ba mu san su ba, da yawa cikinsu ba ƙabilarmu ba ne, addininmu ma ba ɗaya ba. Allah yana ciyar da gidan Kirista ta hannun Musulmi, yana ciyar da gidan Musulmi ta hannun Kirista, kowace rana, ba a yi taro a kai ba. A ƙasar da yara suke yawan jin maganar tsoron maƙwabci, wannan darasi yana da amfani ƙwarai.

Bayan dukan hannuwan nan kuwa akwai abin da hannu bai iya ba. Manomi yakan binne ƙwaya, amma ba shi yake tsirar da ita ba. Ƙwayar masara ɗaya takan ba da goyo mai ɗaruruwan ƙwayoyi, babu kuwa sarki ko masanin da ya taɓa saukar da damina. Iyayenmu sun ba mu labarin farin shekarar 1973, sa'ad da shuka ta ƙone, shanu suka yi ta mutuwa, da kuma na 1984. A shekarun nan manoma ba su yi lalaci ba. Sun yi dukan abin da suka saba yi, ruwa ne bai zo ba. Shi ya sa littafin Maimaitawar Shari'a, sura 8, yake gargaɗin mutanen Allah su yi hankali da ranar ƙoshi, kada mutum ya ci ya ƙoshi ya fara zaton ƙarfin hannunsa ne ya kawo masa.

Wadda ta tuƙa

Hannu na ƙarshe da ya taɓa tuwon shi ne aka fi mantawa da shi. Uwargida ce ta surfa, ta wanke, ta shanya, ta aika niƙa, ta tankaɗe. Ita ta hura wuta, ta yi talge, ta tuƙa da muciya hayaƙi yana shiga idonta, ta kwashe, ta raba, ta san kwanon kowa. Sau da yawa ita ce ta ƙarshe a ci, in nama bai kai ba ita ce takan ce ba ta so. Mata da yawa a ikilisiyoyinmu suna yin wannan bayan sun dawo daga nasu aikin, daga gona, ko kasuwa, ko aji, ko asibiti. In sau 2 kawai take ɗora tukunya a rana, a shekara ya kama sau 730. A aure na shekara 20 ya wuce sau 14,000.

Wani zai ce, "Ai aikinta ne, me ya kawo godiya?" To, noma ma aikin manomi ne, amma muna yi masa sannu da aiki. Wani kuma yana ganin in ya gode wa matarsa a gaban yara girmansa zai zube. Amma sura ta ƙarshe ta littafin Karin Magana, wadda ake yawan karantawa a taron Zumuntar Mata, ba ta tsaya a kan aikin matar kaɗai ba. Ta nuna 'ya'yanta suna sa mata albarka, mijinta kuma yana yabonta da bakinsa. Wannan sashe na maza ne, kada a tsallake shi.

In mutum ya rufe ido ya gode wa Allah domin abinci, sa'an nan ya buɗe ido ya kushe wa wadda ta dafa shi, yaransa suna kallo, kuma da maganarsa ta biyu za su auna addu'arsa. "Sannu da aiki, Maman yara, miyan nan ta yi daɗi," ba ta cin ko kwabo. Amma ɗan da ya tashi yana jinta zai faɗa wa tasa matar, 'yar da ta tashi tana jinta kuwa za ta san irin mijin da ya dace da ita. Mutanenmu sun ce yaba kyauta tukwici.

Haka yake da yara. Yarinyar da ta share tsakar gida, da yaron da ya ɗebo ruwa ko ya kai niƙa, in ubansu ya ce, "Sannu, na gode, Allah ya yi miki albarka, Allah ya yi maka albarka," bai rage kome daga girmansa ba. Ya nuna musu ne yadda babba yake yi.

Alherin da yara ba su gani ba

Akwai wani irin alheri wanda yaro ba zai taɓa gani da kansa ba sai an faɗa masa, watau masifar da aka kawar kafin a haife shi. Ba mai godiya domin ciwon da bai same shi ba, sai wanda ya san dā akwai shi.

A sa yara su dubi damtsen kakanninsu. Da yawa suna da tabon lambar agana. Agana ta kashe mutane ba iyaka a ƙasashen nan, waɗanda suka tsira ta bar su da zanzana a fuska, wasu ta makantar da su. An fara babban aikin lamba a Afirka ta Yamma a 1967, a 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an kawar da ita daga duniya duka. Yaranmu ko sunanta ba su sani ba.

Ga kurkunu. Cikin ruwan tafki ake shansa, ya yi wajen shekara a jiki, sa'an nan ya fito, yawanci ta ƙafa, tsawonsa yakan kusa mita guda, a riƙa naɗe shi a tsinke kaɗan kaɗan har makonni. Yakan kwantar da magidanci daidai lokacin aikin gona. Binciken da aka yi daga 1988 zuwa 1989 ya sami mutum fiye da 650,000 masu fama da shi a Nijeriya. Da tace ruwa, da haƙa rijiyoyi, da wayar da kan jama'a, aikin da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suka sa hannu ciki, aka ga na ƙarshe a 2008. A 2013 aka tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. A 2020 kuma aka tabbatar asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Nijeriya, ko da yake wajibi ne a ci gaba da ɗiga wa yara magani.

Kuturta ma haka. Dā wanda ta kama sai ya rabu da iyalinsa ya tafi irin su Garkida, ko Yadakunya, ko Amanawa, ko Babbar Ruga, inda ma'aikatan mishan suka yi shekaru suna jiyya. Ciwon bai ƙare ba, amma akwai haɗin magunguna da ke warkar da shi cikin wata 6 zuwa 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi. Mutum yana gidansa yana shan maganinsa.

Wannan ya kai mu ga labarin da ke Luka sura 17. Masu kuturta goma suka roƙi Yesu jinƙai, ya aike su wurin firistoci, suna cikin tafiya suka warke. Ɗaya kaɗai ya juyo ya faɗi a gabansa yana godiya, shi kuwa Basamariye ne, baƙo. Ubangiji ya tambayi inda taran suke. Mu lura, taran nan ba su yi tawaye ba, abin da aka umarce su suka tafi yi. Ba shakka kuma sun yi murna ƙwarai. Ashe murna dabam, godiya dabam. Mai murna yakan dubi kyautar, mai godiya yakan koma wurin wanda ya ba shi. Gida yana iya cika da murna ranar albashi, amma ba wanda ya juyo.

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, aka umarci Joshuwa ya sa a ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin. Ya kafa su a Gilgal domin wata rana yara su tambayi iyayensu ma'anarsu, iyaye kuma su ba da labarin. A wuyan iyaye aka rataya wannan aiki. Kowane gida yana da nasa duwatsu: haihuwar da ta zo da gardama aka sauka lafiya, hatsarin da aka tsira, wanda ya biya wa Baba kuɗin makaranta sa'ad da kaka ba shi da ko sisi, yadda bishara ta shigo zuriyarmu. Ko Littafi Mai Tsarki da ke hannunmu dutse ne, gama sai a 1932 aka sami dukansa cikin Hausa. In uba bai faɗa ba, labarin zai shiga kabari tare da shi.

To, a kwanakin wuya fa?

Mun san wani mai karatu zai ce, "Malam, kuna maganar godiya, kun shiga kasuwa kuwa?" Mun shiga. Albashin malamin makaranta ba ya ɓoye masa farashin mudu. Ran 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur. Lita da take ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a garuruwan Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin abinci ya tashi da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A Satumba na shekarar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci babban ɓangaren Maiduguri. Akwai 'yan'uwa a Filato, da Kudancin Kaduna, da Binuwai, da Borno, da Zamfara waɗanda suka bar gonakinsu saboda masu bindiga, wasu kuma sun binne nasu.

Godiya ba ita ce mutum ya ce babu wuya ba. Littafi Mai Tsarki bai hana kuka ba, Zabura cike take da shi. Amma akwai bambanci tsakanin kuka da gunaguni. Mai kuka yakan juya fuskarsa wajen Allah ya faɗa masa damuwarsa. Mai gunaguni yakan juya wa Allah baya ya zuba wa iyalinsa. A Littafin Ƙidaya, sura 11, sa'ad da jama'a suka gaji da manna suka fara marmarin kifi da albasa da tafarnuwa na Masar, an nuna gida gida suka yi ta yi, kowa a ƙofar alfarwarsa. Sun tuna da albasar Masar, sun manta da bulalar Masar. Yaran da ke cikin alfarwan nan kuwa suna ji.

Mu gwada wannan da abin da Bulus ya yi a Ayyukan Manzanni sura 27. Yana ɗaure, ana kai shi Roma cikin jirgin ruwa mai mutum 276. Hadiri ya yi ta jujjuya su har kwana 14, an zubar da kaya, mutane sun fid da rai, abinci ma sun kasa ci. Gab da wayewar gari Bulus ya roƙe su su ci. Ya ɗauki gurasa, ya gode wa Allah a gabansu duka, ya gutsura ya fara ci. Sai dukansu suka yi ƙarfin hali suka ci. A lokacin nan iska ba ta kwanta ba tukuna, jirgin ma daga baya ya farfashe, ko da yake ba ran da ya salwanta. Bulus bai jira ƙarshen labari kafin ya yi godiya ba, kuma godiyar mutum ɗaya ta ɗaga zuciyar sauran.

Haka maigida yake a cikin iyalinsa. In garin kwaki ne kaɗai ya samu ran nan, yana iya faɗa wa yara gaskiya: "Yau abin da Allah ya ba mu ke nan. Bai kai yadda muke so ba, amma ba za mu kwana da yunwa ba. Bari mu gode masa, mu kuma roƙe shi na gobe." Yaron da ya ji haka ya koyi cewa wahala gaskiya ce, Allah kuma yana nan. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sai dai mu kiyaye abu biyu. Godiya ba ta hana mutum neman haƙƙinsa. Ma'aikacin da aka riƙe wa lada yana da damar tambaya, jama'a suna da damar neman adalci wurin shugabanni. Bulus ɗin nan shi ne ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Na biyu, kada mu mai da kalmar godiya sanda. Wanda ya ƙoshi kada ya tsaya a kan gwauruwa ko ɗan gudun hijira ya ce masa ya gode wa Allah kawai, ya juya hannu wofi.

Godiya mai hannu

Gama godiya ta gaskiya ba ta tsayawa a baki. A ikilisiyoyinmu, in kaka ta yi, akan yi sujadar godiya. Akan shigo da damin dawa, da buhun masara, da doya, da kaji, da awaki, ana waƙa ana rawa. Abu ne mai kyau, tushensa kuma yana cikin Maimaitawar Shari'a sura 26, inda manomi yake kawo nunan fari cikin kwando, ya tsaya ya ba da labarin yadda Allah ya fid da kakanninsa daga bauta. Amma surar ba ta ƙare a nan ba. Ta ci gaba da rabon baƙo da maraya da gwauruwa. Littafin Firistoci kuma ya hana mai gona ya girbe har gefe, ya bar wa matalauci kala. Da irin wannan kala Rut ta ci da kanta da surukarta a Baitalami.

Saboda haka kada godiyarmu ta zama ta ganin ido. Mutumin da ya jawo rago gaban jama'a ran Lahadi, alhali bai biya 'yan ƙodagon da suka nome masa gona ba, ko yana ɓoye wa mai bashinsa, yaransa sun san abin da jama'a ba su sani ba. Gara mudu ɗaya da hannu mai tsabta.

A cikin gida ma akwai gefen gona. Kwanon da ake zuba wa tsohuwar maƙwabciya gefen gona ne. Rigar da ta yi wa yaro kaɗan aka wanke aka ba wani, da abincin Kirsimeti da ake aika wa maƙwabta ba a tambayi addininsu ba, duk gefen gona ne. A ba yaro kwanon ya kai da hannunsa, a kuma gaya masa dalili: an ba mu, shi ya sa muke bayarwa.

Abin da za mu fara da shi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga abubuwa kaɗan da kowane maigida zai iya farawa da su a wannan mako, ba sai da kuɗi ba.

Na fari, addu'ar abinci. A kira sunan abin da ke cikin kwano, da wadda ta dafa, da waɗanda suka noma. A riƙa ba yara su yi bi da bi, har ƙaramin da yake koyon magana.

Na biyu, sujadar iyali da yamma, ko ta minti 10 ce. A ajiye waya, a rage rediyo. Bayan karatu, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya faru a wannan rana wanda yake godiya dominsa, kada kuma a maimaita na jiya. Maigida shi zai fara.

Na uku, a sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Duk alherin da ya faru a rubuta shi da kwanan wata: an sami kuɗin makaranta, zazzaɓi ya sauka, an yi ruwa a kan kari, an shirya da ɗan'uwa. A rubuta roƙe-roƙe ma, a bar musu fili a gefe domin ranar amsa. A daren 31 ga Disamba, kafin a tafi majami'a, a buɗe a karanta wa kowa.

Na huɗu, a juyo kamar Basamariyen nan. Akwai wanda ya yi mana alheri tun shekaru ba mu koma ba: tsohon malami, ƙanen uba da ya riƙe mu, unguwar zoma, mai bisharar da ya koya mana karatu. In suna da rai, a ɗauki yara a je a gaishe su, a gode musu a gaban yaran.

Na biyar, maigida ya kula da maganarsa ta fari in ya shigo gida. Damuwa tana da lokacinta, za a zauna da uwargida a yi shawara. Amma abin da zai fara fitowa ya zama gaisuwa da sannu.

'Yan'uwa iyaye maza, ba dukanmu za mu bar wa 'ya'yanmu gona ko gidan kwano ba. Amma kowane uba, ko na haya yake zaune, yana iya barin musu idon da ke ganin alheri da bakin da ke faɗinsa. Yaron da ya iya gode wa Allah domin kwanon tuwo ba zai yi wuyar gane babbar kyauta ba, watau Yesu Kristi, wanda a daren da aka bashe shi ya ɗauki gurasa ya yi godiya kafin ya tafi gicciye dominmu. Ubangiji ya taimake mu mu fara tun daga tuwon daren yau. Amin.